Kogon enzayim ko dangin magani: ta ina mai neman maganin sukari da mantuwa a kwamfuta zai fara?

Duk wanda ya zauna gaban kwamfuta da niyyar nemo sinadarin da zai toshe wani enzayim (furotin da ke hanzarta sarrafa sinadarai a jiki) mai hannu a ciwon sukari ko cutar mantuwa, akwai shawara biyu da ke jiransa tun kafin ya sauke manhaja ko ɗaya. Ta farko, wane enzayim zai sa a gaba. Ta biyu, ta wace hanya zai tunkare shi. Masu farawa da yawa sukan soma ta baya: su koyi manhaja tukuna, sannan su nemi enzayim ɗin da za su gwada ta a kansa, galibi wanda suka ga kowa na rubutu a kai. A ganina daga nan ɓatan kai ke somawa. Enzayim ɗin ne ya kamata ya zaɓa maka hanya, kuma wanda ya fi dacewa da kai shi ne wanda in ka yi kuskure a kansa za ka iya ganewa da wuri.

Haɗa cututtukan biyu a bincike ɗaya yana da dalilinsa. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta duniya, IDF, ta ƙiyasta manya miliyan 537 ne ke fama da shi a 2021. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce masu cutar mantuwa sun haura miliyan 55, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari nau'in Alzheimer ne. Binciken da aka yi kan tsofaffi a birnin Rotterdam na ƙasar Holan, wanda aka wallafa a 1999, ya nuna ciwon sukari na kusan ninka haɗarin kamuwa da mantuwa. A 2005 Suzanne de la Monte ta Jami'ar Brown a Amurka da abokan aikinta suka kira Alzheimer "ciwon sukari nau'i na uku", saboda yadda suka ga aikin insulin ya lalace a ƙwaƙwalwar masu cutar. Likitoci ba su karɓi sunan a matsayin sunan cuta ba, amma ya ja hankalin masu bincike ƙwarai. Alaƙar tana nan. Abin da alaƙar ba ta ba ka tabbacinsa ba shi ne cewa sinadari guda zai yi maganin duka biyun, kuma zan dawo kan wannan.

Hanyoyin nema a kwamfuta manya biyu ne. Ta farko zan kira ta hanyar kogo. Kowane enzayim yana da wani kogo a jikinsa inda yake kama abin da zai sarrafa. Idan masana sun riga sun gano surar enzayim ɗin ta hanyar haska kiristal ɗinsa da hasken eksire, sai ka ɗauko surar daga rumbun Protein Data Bank, wanda aka kafa a 1971 kuma ya haura sura 200,000 a 2023, ka sa manhaja ta riƙa zaunar da sinadarai ɗaya bayan ɗaya a cikin kogon, tana jujjuya su, tana ba kowanne maki. Irwin Kuntz da mutanensa ne suka fitar da manhajar DOCK a 1982, AutoDock ta zo daga cibiyar Scripps a 1990, sai AutoDock Vina a 2010, wadda ita ɗalibai suka fi amfani da ita domin kyauta ce kuma tana da sauri.

Ta biyu ita ce hanyar dangi. Nan ba ruwanka da surar enzayim. Kana tattaro sinadaran da aka riga aka gwada a ɗakin gwaje-gwaje, masu ƙarfi da marasa ƙarfi, ka sa lissafi ya gano siffofin da masu ƙarfin suka yi tarayya a kai, sannan ka nemi wasu masu irin siffar. Tunanin dai shi ne barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Corwin Hansch da Toshio Fujita ne suka ɗora harsashin wannan lissafi a 1964, wanda ake kira QSAR, kuma yau rumbun ChEMBL da ke Ingila yana ɗauke da sinadarai fiye da miliyan 2 tare da sakamakon gwajinsu, kowa na iya saukewa.

Ƙarfin hanyar kogo shi ne tana iya kawo maka baƙon sinadari wanda bai yi kama da kowane magani da aka sani ba, kuma tana nuna maka hoton yadda ya zauna, ka ga wane amino asid, cikin tubalan da suka gina enzayim ɗin, ya riƙe shi, ka ga inda za ka ƙara masa reshe. Rauninta kuwa makin ne. Kuskuren da ke cikin makin Vina da ire-irenta ya kai kilokalori 2 zuwa 3, alhali bambancin kilokalori 1.4 kacal yana nufin ninki goma a ƙarfin kamu. Ke nan idan sinadarinka ya ci -9.1 (a nan lambar da ta fi yin ƙasa ita ce maki mafi kyau), maganin da kake gwadawa da shi ya ci -8.7, ba ka gano komai ba tukuna. Abin yana damuna duk lokacin da na ga an gina babi guda na kundin digiri a kan irin wannan tazara. Ƙari a kan haka, makin yana son manyan sinadarai: da yawan ƙwayoyin zarra, da yawan maki, ko sinadarin na aiki ko ba ya yi. Sannan manhajar takan ɗauki enzayim a matsayin abu sandararre, alhali a jiki motsi yake yi ba tsayawa, ga ƙwayoyin ruwa cike da kogon.

Hanyar dangi ta fi sauri nesa ba kusa ba, ƙaramar kwamfuta ta isa, kuma tana tsaye ne a kan gwajin da aka yi da hannu. Amma ba ta ganin abin da ya wuce danginta. Ka koya mata da sinadarai masu kama da donepezil, wani maganin mantuwa, sannan ka tambaye ta game da wani sinadarin tsiro mai zobba biyar da sukari a maƙale, za ta ba ka lamba, sai dai lambar ba ta da tushe. Akwai kuma abin da kan faru inda canza ƙwayar zarra ɗaya tak ke mayar da sinadari mai ƙarfi ya zama holoƙo, kama da wane ba ta wane. Wanda zai bi wannan hanya dole ya ware wani kaso na bayanansa da lissafin bai taɓa gani ba, kuma ya raba su bisa ƙashin bayan sinadari maimakon rabon kan-mai-uwa-da-wabi, in ba haka ba 'yan uwan juna za su faɗa ɓangarorin biyu, sakamako ya yi kyau a takarda kawai. Tsohuwar ƙa'idar nan ta cewa kowane ma'aunin siffa guda da ka sa a lissafin yana buƙatar aƙalla sinadarai biyar har yanzu tana da amfani. Sinadarai ashirin da ma'aunai goma sha biyu haddar amsa ce kawai.

To, da wannan a hannu, sai a dubi enzayim ɗin ɗaya bayan ɗaya, domin ba nauyinsu ɗaya ba.

Acetylcholinesterase, wanda ake taƙaitawa AChE, shi ne mafi saukin shiga a ɓangaren mantuwa. Aikinsa farfasa acetylcholine, sinadarin da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da shi, wanda ke ƙaranci a masu Alzheimer. Joel Sussman da Israel Silman na cibiyar Weizmann a Isra'ila ne suka fitar da surarsa a 1991, daga wani kifin teku mai lantarki, Torpedo californica. Abin da suka gani ya ba masana mamaki: wurin aikin yana can ƙasan wani rami mai zurfin kusan angistirom 20 (ma'aunin tsawo na girman ƙwayar zarra), amino asid 14 masu zobe sun jeru a bangonsa. Rami mai zurfi da ƙunci irin wannan shi ne abin da hanyar kogo ta fi so, domin sinadari ba shi da wurin yawo da yawa. Akwai ma tarihin nasara: a 1996 Yuan-Ping Pang ya yi amfani da kwamfuta ya ga cewa maganin tacrine na iya zama a wuri biyu, ƙasan ramin da kuma bakinsa, sai aka haɗa tacrine biyu da sarƙa mai gaɓa bakwai, aka samu sinadarin da ya fi na asali ƙarfi ƙwarai. Wannan shi ne irin aikin da hoton kogo ke iyawa, lissafin dangi bai iya ba.

Ga magungunan da za ka gwada kanka da su: tacrine a 1993, wanda daga baya aka daina saboda illarsa ga hanta, donepezil a 1996, rivastigmine, da galantamine wanda asalinsa daga tsiro ne. Ga bayanai dubbai a ChEMBL, ke nan hanyar dangi ma a buɗe take. Gwajin tabbatarwa kuma mai sauƙi ne, hanyar George Ellman ta 1961, inda launin ɗorawa ke bayyana ana auna shi a tsawon haske na nanomita 412.

Tarkunan sa uku ne. Mutane na ci gaba da amfani da surar kifi, alhali tun 2012 akwai ta ɗan Adam tare da donepezil a ciki, mai lamba 4EY7, kuma zaman maganin ya ɗan bambanta a cikinsu. Na biyu, akwai wani amino asid a tsakiyar ramin, Tyr337 a na mutum, wanda ke juyawa kamar ƙyaure gwargwadon abin da ya shigo, saboda haka sura ɗaya ba ta wadatar ba. Na uku, rivastigmine ba zama kawai yake yi ba, ɗaure kansa yake da amino asid serine na enzayim ɗin, abin da zaunarwa ta yau da kullum ba ta lissafawa, don haka makinsa ba ma'auni ba ne. Sai kuma maganar gaskiya da ya kamata ɗalibi ya faɗa a rubutunsa: toshe AChE yana sassauta alamun cuta na wani lokaci, ba ya tsayar da mutuwar jijiyoyi. Kuma ƙarfin toshewa kaɗai ba ya mayar da abu magani, domin magungunan ƙwari na dangin organofosfet da gubar yaƙi ta sarin wannan enzayim ɗin suke kamawa. Wanda ke son fili mai ƙarancin cunkoso ya dubi ɗan uwansa butyrylcholinesterase, wanda shida daga cikin amino asid masu zoben nan 14 suka sauya da ƙanana a jikinsa, raminsa ya fi faɗi, kuma aikinsa na ƙaruwa a ƙwaƙwalwa yayin da cutar ke tsananta.

A ɓangaren sukari, alpha-glucosidase ne ya fi kowane farin jini a wurin ɗalibai, kuma shi ne na fi jin tsoronsa. Tunanin mai sauƙi ne: a hana hanji farfasa sitaci ya zama gulukos da sauri, sukarin jini ba zai yi tsalle bayan cin abinci ba. Acarbose, wanda kamfanin Bayer ya samo daga wata ƙwayar bakteriya ta ƙasa, yana kasuwa tun 1990 a Jamus, sai voglibose a Japan a 1994, da miglitol a 1996. Gwajinsa ma mai araha ne. Matsalar ita ce enzayim ɗin da ake saye don gwaji galibi na yis ne, kuma na yis da na hanjin mutum ba gida ɗaya suka fito ba. Na yis yana cikin rukuni na 13 na enzayim masu farfasa sukari, na hanjinmu, wato maltase-glucoamylase da sucrase-isomaltase, suna rukuni na 31. Sunan aiki ne ya haɗa su, surar kogon daban. Acarbose da ke da ƙarfi a hanjin mutum rarrauna ne ƙwarai a kan na yis. Shi ya sa za ka ga takardu barkatai suna cewa sinadarinsu ya ninka acarbose sau ɗari. Sun kayar da shi ne a filin da ba nasa ba.

Wannan ɓarna tana shafar hanyoyin biyu. Mai hanyar kogo yakan ɗauki sura mai lamba 3A4A, wadda isomaltase ce ta yis, ya rubuta sakamako kamar na mutum ne. Mai hanyar dangi yakan sauke bayanai daga rumbu bai tace su bisa halittar da aka samo enzayim ɗin ba, lissafinsa ya koyi toshe yis. Idan ka nace sai wannan enzayim, ɗauki 2QMJ ko 3TOP, surorin maltase-glucoamylase na mutum da acarbose a ciki, kuma ka nemi a yi gwajin tabbatarwa da enzayim na hanjin ɓera ko na mutum. Ka sani kuma cewa kogon nasa ba shi da zurfi, ruwa ya yi masa yawa, irin wurin da makin zaunarwa ya fi yin ƙarya. Alpha-amylase, wanda shi ma sitaci yake farfasawa, duk tafiyarsu ɗaya, sai dai shi toshe shi da ƙarfi yana tura sitaci ɗanye zuwa babban hanji, ga kumburin ciki da gudawa, waɗanda su ne ke sa mutane da yawa ajiye acarbose.

DPP-4 ya fi su tsabta. Shi ne ke datse GLP-1, sinadarin da hanji ke fitarwa don ya zaburar da fitar insulin, cikin kamar minti biyu. Sitagliptin na kamfanin Merck ya samu amincewa a 2006, vildagliptin, saxagliptin da linagliptin suka biyo baya. Alogliptin kuwa hujja ce ga hanyar kogo, domin wani ƙaramin kamfani mai suna Syrrx ya tsara shi ne yana kallon surar enzayim ɗin, kafin Takeda ya saye kamfanin a 2005. Akwai surori da yawa na mutum, irin su 1X70 mai ɗauke da sitagliptin, kuma an san abin da za a duba: sinadarin kirki yakan riƙe amino asid Glu205 da Glu206, ya kuma cusa wani reshe a ƙaramin aljihun da ke kusa da Ser630. Wannan ya ba ka ma'auni da ya fi maki, domin kana iya watsar da duk sinadarin da ya ci maki mai yawa amma bai taɓa waɗannan wurare ba. Abin lura, vildagliptin da saxagliptin ɗaure kansu suke da Ser630, don haka sitagliptin ya fi dacewa da kwatance. Sannan sai ka nuna sinadarinka ya ƙyale DPP-8 da DPP-9, waɗanda wani binciken Merck na 2005 ya danganta toshe su da mummunar illa a dabbobi. Aibin DPP-4 guda ne: fili ya cika, kuma magungunan da ke akwai suna rage ma'aunin HbA1c, mai nuna matsakaicin sukarin jini na 'yan watanni, da ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari ne. Don koyon aiki da kyau, babu kamarsa. Don gano abin da duniya ba ta da shi, sai an yi da gaske.

Akwai biyu da ke jan hankalin masu dogon buri, PTP1B da BACE1. PTP1B birki ne a kan saƙon insulin. A 1999 masu bincike a Kanada suka cire shi daga jikin ɓeraye, sai ɓerayen suka fi jin insulin, kuma ba su yi ƙiba ba duk da abinci mai maiƙo. Fiye da shekara ashirin da biyar ke nan, babu maganinsa ko ɗaya a kasuwa. Kogonsa an yi shi ne don kama fosfet, saboda haka sinadari mai caji yake so, shi kuwa mai caji ba ya ratsa bangon tantani ya shiga ciki. Yana kuma da ɗan uwa, TCPTP, wanda sashen aikinsu ya yi kama da fiye da kashi 70 cikin ɗari. Zaunarwa za ta ba ka asid masu kyawun maki cikin rana ɗaya, kuma a nan kamfanoni suka maƙale shekara da shekaru. Amino asid cysteine da yake aiki da shi ma yana saurin lalacewa da iskar oksijin, sai sinadarin da ya ƙona shi kawai ya bayyana kamar matoshi. Mai son PTP1B ya nufi aljihunan gefe da ke nesa da kogon aiki, kuma ya san zai buƙaci kwaikwayon motsi da kwamfuta mai ƙarfi.

Labarin BACE1 ya fi ɗaci. Shi ne ke yin yankan farko da ke haifar da amyloid, furotin da ke taruwa a ƙwaƙwalwar masu Alzheimer. An gano shi a 1999, surarsa ta fito a 2000, kuma a 2012 aka samu wani sauyin gado a mutanen Aisland wanda ke rage wannan yanka, masu shi kuma ba su cika kamuwa da cutar ba. Hujja ta yi ƙarfi. Masana suka sha wahala suka ƙera sinadarai ƙanana da ke ratsa shingen ƙwaƙwalwa, kuma surar kogon ta taimaka sosai. Verubecestat ya rage amyloid a ruwan ƙwaƙwalwa matuƙa, amma aka tsayar da gwajinsa kan kusan mutum 2,000 a watan Fabrairun 2017 domin bai hana mantuwa ci gaba ba. Lanabecestat da atabecestat suka faɗi a 2018, umibecestat da elenbecestat a 2019, kuma a wasu gwaje-gwajen tunanin masu shan maganin ya ma ɗan ƙara taɓarɓarewa. Kwamfuta ba ta yi kuskure a nan ba, magungunan sun kama enzayim ɗin daram. Tambayar da ta rage ta ilimin jiki ce: yaushe za a fara ba da shi, kuma kashi nawa na aikin enzayim ɗin za a toshe, tunda yana da wasu ayyuka a jijiyoyi. Sabon sinadari mai maki -10 ba ya amsa ko ɗaya. A matsayin wurin gwada sabon lissafin dangi kuwa BACE1 na da kyau, saboda bayanansa na da yawa kuma masu inganci ne.

Yanzu ga maganar sinadari guda don cuta biyu. Ana yawan ganin aikin da ya zaunar da sinadaran wani tsiro a alpha-glucosidase da AChE lokaci guda, ya ce ya samo mai kama duka. Ka tambayi kanka ina maganin zai yi aiki. Acarbose nauyinsa kusan 645 ne, ƙasa da kashi 2 cikin ɗari ke shiga jini, kuma haka ake so, a hanji aikinsa yake. Ya karya ƙa'idar Lipinski ta 1997, mai fayyace siffar maganin da hanji zai iya tsotsewa zuwa jini, ba tare da wata damuwa ba. Donepezil nauyinsa kusan 380, dole ya bar hanji, ya tsira daga hanta, ya ratsa shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, ya kuma kuɓuce wa furotin P-gp da ke fatali da baƙin sinadarai waje. Siffar da ke tsare sinadari a hanji ita ce ke hana shi kai wa ƙwaƙwalwa. Kuma sinadarin da ya "kama komai" sau da yawa ɗan hayaniya ne kawai. Jonathan Baell da Georgina Holloway sun wallafa jerin irin waɗannan a 2010, kuma sinadaran tsiro curcumin da quercetin, waɗanda ke cin maki a kusan kowane enzayim, sun yi ƙaurin suna a wannan fage. Wasu dunƙulewa suke yi su lulluɓe enzayim, wasu launinsu na ɗorawa ke ruɗa na'urar da ke auna launin ɗorawa. Ɗigon Triton X-100, wani sinadari mai kama da sabulu, a ruwan gwaji yakan tona asirin masu dunƙulewa.

Idan da gaske mahaɗar cututtukan biyu kake nema, GSK-3 beta ya fi ma'ana, domin enzayim ɗaya ne mai hannu a ajiye sukari a matsayin gilaikojin, kuma shi ke liƙa fosfet a furotin tau da ke cukurkuɗewa a jijiyoyin masu Alzheimer. Sai dai yana cikin dangi mai mambobi fiye da 500 a jikin mutum, duk kogonsu na kama ATP ne, sinadarin da ke ɗauke da kuzari a tantani, don haka aikin zai koma na rarrabewa, kuma matoshinsa tideglusib da aka gwada a kan masu Alzheimer bai nuna amfani ba. Enzayim mai farfasa insulin, IDE, shi ma misali ne da ya kamata a yi tunani a kai: yana cin insulin, yana kuma cin amyloid. Mai sukari zai so a rage masa aiki, mai mantuwa zai so a ƙara. Alaƙa ɗaya, buƙata biyu masu karo da juna.

Wasu za su ce AlphaFold fa, manhajar da ke hasashen surar furotin, tunda ta kai Demis Hassabis da John Jumper ga kyautar Nobel a 2024? A rashin uwa akan yi uwar ɗaki, amma duk enzayim ɗin da na ambata suna da surar gaske da aka auna, da magani zaune a ciki, kuma ita ta fi. Kwaikwayon motsi na nanosakan 100 a manhajar GROMACS shi ma yana da iyaka. Idan sinadari ya fice daga kogon, ka koyi wani abu. Idan ya zauna, ba shaida ba ce, domin ko rarraunan sinadari yakan daɗe fiye da haka kafin ya saki.

Ga yadda ni zan zaɓa. Mai ƙaramar kwamfuta da wata shida, ba shi da ɗakin gwaji, ya ɗauki DPP-4 ko AChE na mutum, ya sa hanyar dangi ta zama rariyar farko, ta rage masa dubban sinadarai zuwa 'yan ɗaruruwa, sannan hanyar kogo ta duba zamansu, shi kuma ya bi hotunan da idonsa ɗaya bayan ɗaya. Mai sinadaran tsiro waɗanda ba su da dangi a rumbu, hanyar kogo ce tasa, amma ya ɗauki sakamakon a matsayin jerin waɗanda za a fara gwadawa, kuma ya nemi wanda zai yi masa gwajin Ellman ko da na sinadarai biyar ne. Mai jerin sinadarai talatin ko hamsin da aka haɗa daga ƙashin baya ɗaya aka kuma auna su a ɗaki ɗaya, QSAR za ta fi yi masa amfani fiye da kowace zaunarwa. Alpha-glucosidase sai ga wanda zai iya samun enzayim na hanji. PTP1B, BACE1 da GSK-3 beta sai ga mai sabuwar tambaya da abokan aiki masu ɗakin gwaji.

Kowanne ka zaɓa, makon farko ba na sababbin sinadarai ba ne. Sauke 4EY7 ko 1X70, cire maganin da ke ciki, ka sa manhaja ta mayar da shi. Idan zaman da ta ba shi ya kauce wa na kiristal da fiye da angistirom 2, gyara shirinka kafin ka matsa. Daga nan ɗauko tarin DUD-E na 2012, wanda ke da AChE, DPP-4, BACE1 da PTP1B a cikin furotin 102 da ya ƙunsa, inda kowane sinadari mai aiki ke tafe da na bogi kusan 50 masu irin nauyinsa. Cakuɗa su, ka zaunar da su duka, ka ƙirga na gaske nawa suka fito a kashi ɗaya cikin ɗari na sama. Wannan lambar ita za ka rubuta a shafin farko na sakamakonka, kafin sunan kowane sinadari naka ya bayyana.